Bashin Ƙafa

Shekara talatin ina zaune kan benci,
Tela ne ni, a Tudun Wadan Zariya.

Keken ɗinkina da ƙafa nake taka shi,
Har na sai masa inji, na kwance igiya.

Tun ran nan ƙafafuna suka hau sarauta,
Ko sayen zare, sai dai mashin ya sha wuya.

Shayin Ɗan'asabe, cokali huɗu na suga,
In shafa tumbi, in ce an ci duniya.

Sai ga ƙishirwa da randa ba ta kashewa,
Dare ɗaya sau bakwai nakan zaga baya.

Zare ya ƙi shiga kafar allura,
Wandon da na ɗinka wa kaina da Sallah
Ya koma buhu, mazagi ya kasa riƙe kaya.

A Shika aka soki yatsana, ɗigo guda,
Ɗan ƙaramin akwati ya tona mini ajiya.

Likita 'yar yarinya, sa'ar autata,
Ta ce, "Baba, suga ne," ba ta kewaya.

"Ga magani, ga abin ci da abin bari,
Na ukunsu ba a sai da shi a kanti: tafiya."

Na ce, "Zuwa ina?" Ta ce, "Ko ina ne,
Je ka ka dawo, ba sai da saƙo ake bin hanya."

Ran farko ban ko kai Ƙofar Doka ba,
Na rungumi turken lantarki, numfashi a wuya.

'Yan acaɓa na tsayawa: "Tela, ina mashin?
Mai ne ya gagara, ko bashi ya cinye taya?"

Na so in bari. Sai na je gaida Barau mai guga,
Da ciwon nan ya raba shi da ƙafa ɗaya.

Ƙusa ya taka, kwana tara bai ji ba.
Ya daɗe yana duban takalmina,
Ni kuwa na rasa inda zan sa ido don kunya.

Ya ce, "Haladu, in ka gama taka rabonka,
Taka mini nawa, ka zo min da labarin hanya."

Yanzu in an sallame asuba, koko ba zaƙi,
Ƙosai biyu, safa, takalmi sau-ciki,
Dabino uku a aljihu, su ne guzurin tafiya.

Ashe akwai rimi a bayan Babban Dodo
Da shirwa ke sheƙa a kai? Ban sani ba sai jiya.

Ashe Kufena na sake riga sau uku
Kafin rana ta gama ɗagowa? Mashin bai faɗa mini ba.
Gudu ne ya rufe mini garin da na girma, gaskiya.

Wata Laraba na yi wauta, na fita ba kari,
Dabinon na cikin rigar da na tuɓe jiya.

A Ƙofar Kibo gwiwa ta ɗau rawa,
Gumi mai sanyi, ƙasa na juya.

Wani mai rake ya miƙo gaɓa, na tsotsa.
Zaƙin da nake gudu shi ya tashe ni tsaye,
Na zauna bakin kwata ina ta dariya.

Da dare Ladidi kan haska tocila
Tsakanin yatsuna, tana neman tsaga ko ƙaya.

Ba kullum akwatin ke faɗin alheri ba,
Wata rana lamba ta hau, ban san dalili ba,
In yi tsaki, in ɗaura takalmi, in ba gida baya.

Injin nan na cire shi, yana ƙarƙashin tebur,
Na mai da wa keke tsohuwar igiya.

Gobe Juma'a, Barau na jira a zaure.
Na biya Ƙofar Kuyambana makon da ya wuce,
Yana bi na Ƙofar Gayan, ban biya.